Yadda Za Ka Rubuta Ƙaramin Jarumin Da Za A Yarda Da Shi

"Kawu, ranar da ya tafi, wa ya ɗebo wa uwarsa ruwa?"

Ɗiyar ƙanwata ce ta tare ni da wannan tambaya, tana da shekara 11 a lokacin. An ɗauke wuta, muna zaune kan tabarma a tsakar gidanmu a unguwar Zango ta Damagaram bayan isha'i, ina haska takardu da salula ina karanta mata labarin da na yi wata bakwai ina rubutawa. Labarin Auta ne, yaro ɗan shekara 12 a Birni, tsohuwar unguwar garin, wanda ya gano cewa ƙarƙashin duwatsun unguwarsu akwai idon ruwa da wani dodo ya zaune a kai, shi ya sa Damagaram ke kwana da ƙishi. Dodon bai dame ta ba. Dutsen da ke buɗewa in an yi masa waƙa ma ta karɓe shi hannu biyu. Amma na ce Auta ya fita da asuba ya yi kwana uku a cikin ƙasa, ita kuwa ta san cewa a gidan da babu famfo, yaro shi ne ƙafar gida. In ya ɓace rabin yini, randa ce za ta tona masa asiri.

Na tattara takarduna ban ba ta amsa ba. Ni malamin aji shida ne, kullum ina tsaye gaban yara cike da aji, amma yaron da na rubuta babu irinsa a cikinsu ko ɗaya. Abin da na koya tun daga daren nan, a rubutu da kuma a ɗan gajeren fim ɗin da muka yi daga baya, shi nake son in ba duk mai niyyar rubuta labarin al'ajabi da yaro ko yarinya a gaba.

Bahaushe ba ya wahalar yarda da abin mamaki. Da tatsuniya aka yaye mu. Tun da aka ce "Ga ta nan, ga ta nanku" muka amsa "Ta zo mu ji ta", mun riga mun amince Gizo zai yi magana, kura za ta je kasuwa. Mai karatu bai taɓa ganin dodo ba, duk yadda ka siffanta shi haka zai ɗauka. Yaro kuwa yana da shi a gida, shi ma ya taɓa zama yaro. A nan ake kama marubuci.

Fara da yanke shekarunsa. Rubuta su a shafin farko na littafin da kake aiki a ciki, kar ka bari su yi ta yawo daga babi zuwa babi. Ɗan shekara 9 da ɗan 12 da ɗan 15 mutum uku ne daban. Sannan ka fita ka auna. Jarka mai lita 25 in ta cika, kilo 25 ce, ban da nauyin robar. Na tsaya bakin famfon unguwa da hantsi na kalli yadda ɗan shekara 12 ke fama da ita: ba ya ɗaga ta, jan ta yake yi yana juya gindinta hagu da dama har bakin baro, sannan ya kira abokinsa su kama tare. Da ya buɗe hannunsa, ga jan layi a tafin inda mariƙin ya ci shi. Wannan yaron ne na sa ya ture dutse shi kaɗai a rubutuna na farko. Daga Damagaram zuwa Mirriya kusan kilomita 18 ne. In jaruminka zai taka ta a ƙasa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ka gaya mana inda ya sha ruwa, da gindin bishiyar da ya zube, da abin da ke ƙafarsa. Silifas kan tsinke a hanya, kowane yaro kuwa ya san yadda ake soke hancinsa da ƙusa a ci gaba da tafiya. Ɗan abu irin wannan ya fi shafi uku na kirari riƙe mai karatu.

Daga jiki sai babbar matsala, wadda zan daɗe a kanta: ina manya? Marubutan Turai suna da hanyoyinsu na kawar da iyaye daga hanya. Harry Potter maraya ne, yana cika shekara 11 kuma ya tafi makarantar kwana. Yaran nan huɗu na littafin Narnia da ya fito a 1950, an kwashe su ne daga Landan saboda bama-baman yaƙin duniya na biyu, aka kai su gidan wani tsohon farfesa a ƙauye. Waɗannan dabaru sun zauna daidai domin daga rayuwar ƙasarsu aka ɗebo su. In ka kwaso su ka kawo unguwanninmu irin su Karkada ko Garin Malam, ba za su tsaya da ƙafarsu ba. Maraya a wurinmu yana da ƙanen uba, yana da gwaggo da kawu, ga kakar da ke ƙirga jikoki da ido duk magariba, ga maƙwabciyar da za ta gan shi a lungu ta ce, "Kai, ɗan gidan wane, ina za ka da tsakar ranar nan?" Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Marubucin da ke son yaronsa ya ɓace kwana uku, sai ya san yadda zai yi da wannan "kowa" ɗin.

Muna da namu ƙofofin. Akwai aike, akwai talla, akwai kiwo. Akwai uban da ya tafi cirani Kano ko Libiya. Akwai ɗan riƙo a gidan da ba a cika tambayar inda ya kwana ba. Akwai almajiri, wanda shi ya fi kowa yawo babu mai tsare shi. A kansa ina roƙon ka da ka bi a hankali: yunwarsa ta gaske ce, in ka ɗauke shi don kawai ba shi da mai hana shi fita, ka manta da ƙoƙonsa da ƙaiƙayin jikinsa da kewar uwarsa, ka zalunce shi a takarda.

Ga yadda na gyara nawa. Auta ya ce wa uwarsa zai je wurin gwaggonsa a Mirriya ya yi kwana uku na hutu. Ya yi ciniki da abokinsa cewa zai riƙa ɗebo ruwan gidan a madadinsa kan dala 20 a rana, kuɗin da ba shi da su. Ya kuma san gwaggon tana shigowa gari ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, ba ta komawa sai ta biyo ta gaida ƴar uwarta. Da bashin dala 60 a wuyansa da Alhamis tana tahowa ya shiga ƙarƙashin dutse. Akwai wurin da dodo ke numfashi taki goma daga gare shi, amma abin da ke juya masa ciki shi ne fuskar Inna in gwaggo ta ce, "Wane Auta? Ni ban gan shi ba." Da na karanta wannan a aji, yaran da ke surutu a baya sun yi tsit. Sun san wannan tsoron.

Sai batun ƙarfinsa. Labarin abin da ke tsare ruwa tsoho ne a wurinmu, tun macijin rijiyar Kusugu a Daura. Bayajida ya sare kansa da takobi, babu wanda ya yi gardama, domin mayaƙi ne cikakken mutum. In ka miƙa wa ɗan shekara 12 takobin nan ya yi aiki iri ɗaya, Bayajida ka rubuta ka sa masa ƙaramar riga. Nemi abin da yaro ke iyawa don yana yaro. Da yawanmu a Nijar mun kalli Kirikou, fim ɗin zane na Michel Ocelot da ya fito a 1998. Jarumin, ɗan mitsitsin yaro mai suna Kirikou, shi ma ramin idon ruwa ya shiga, saboda jikinsa kaɗai ramin ke ɗauka. Sannan ya yi ta maimaita tambayar da manya suka daina yi: me ya sa Karaba, mayyar da ta addabi ƙauyensu, take da mugunta? Tambayar ce ta kai shi ga kakansa, ya ji labarin ƙayar da aka soka mata a baya, ya je ya cire ta da haƙori. Ƙanƙanta da naci, duka biyu kayan yaro ne.

A ƙasar Hausa yaro yana da wani iko da babba ba shi da shi, kuma ban ga muna amfani da shi sosai a rubutu ba. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, namiji baligi iyakarsa zaure, yaro kuwa ya wuce har madafa. Shi ke kai saƙo daga zaure zuwa cikin gida, ya dawo da amsa. Manya na magana a gabansa kamar babu kowa a wurin. Yarinya mai talla takan shiga gida goma kafin azahar, ta san inda aka ɗora tukunya da inda ba a hura wuta ba, ta san matar da ta yi kuka da dare. Ga lungunan Birni da suke karkacewa, baƙo ya ɓace a ciki, yaron unguwa ya bi su ido rufe. Ka ba jarumarka faranti a ka, ka ga irin asirin da za ta kwaso kafin dogarawan Sarki su ji ƙishin-ƙishin.

Duk abin da ya iya, ka nuna mana inda ya koya tun kafin ranar buƙata. In zai harbi idon dodo a babi na tara, mu gan shi yana harbin tsuntsu da danƙo a babi na biyu, yana kuskurewa. In zai haddace waƙar buɗe dutse daga ji ɗaya, mu san cewa shekara biyar yana wanke allo. In ka ba shi abin sihiri, ka ɗaure shi da sharaɗi. A labaran da muka taso muna ji, layar zana ko baduhu ko sagau kowace da dokarta, ka karya ta abin ya lalace. Yaro kuwa mai karya doka ne, ta hanyar mantuwa ko kwaɗayi ko son nuna wa abokai. Bar shi ya karya, ya ɗanɗana kuɗarsa.

Magana ita ce inda muka fi faɗuwa, mu malamai musamman. Muna cusa wa yaro karin maganar dattawa a baki, ya tsaya gaban Sarki ya yi jawabi kamar mai wa'azi. Ɗauki littafi ka zauna nesa kaɗan da yara lokacin hutun ƙarfe goma, ka rubuta abin da ka ji kalma da kalma. Za ka ji "wallahi ba ni ba ne", da "sai na gaya wa Inna", da "ɗan sam mini", da rantsuwa kan abin da bai kai dala ba. Jimlolinsu gajeru ne, sukan fara labari daga tsakiya. Kuma ka tuna da kunya. Yaron da aka yi wa tarbiyya a Damagaram yakan durƙusa ya gaida babba, ba ya zuba masa ido. In labarinka na buƙatar ya ce wa dattijo "ba haka ba ne", to wannan ya fi fuskantar dodo nauyi a wurinsa. Bari muryarsa ta shaƙe, ya faɗa yana kallon ƙasa, yana murza bakin rigarsa, wataƙila sai a karo na biyu a ji shi.

Kar kuma tsoro ya ƙare inda haɗari ya ƙare. Yaron da ya ga abin firgita yakan kasa cin tuwo, yakan ƙi shiga bayi shi kaɗai, wani ma ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari. Rubuta daren da ya biyo baya.

Yanzu fim. A littafi, shekarun yaro lamba ce da mai karatu kan iya mantawa. A fim, jikin ɗan wasa ne ke faɗar shekarun a kowane hoto, babu yadda za ka ɓoye. Percy Jackson, jarumin wasu littattafan al'ajabi na Amurka, shekararsa 12 a littafin farko na 2005. Da aka yi fim a 2010, aka mai da shi ɗan 16, aka ba Logan Lerman, haifaffen 1992. Duk jerin littattafan kuwa sun rataya ne kan wani annabci da zai cika in yaron ya kai 16, sai ya zama a fim na biyu dole aka matsar da shi zuwa 20. Marubucin, Rick Riordan, ya fito fili ya soki wannan ƙarin shekaru, kuma da aka sake yin labarin a matsayin shiri mai dogon zango a ƙarshen 2023, yaro aka ɗauko, Walker Scobell, haifaffen 2009. Dalilan masu ƙara shekaru a bayyane suke: doka a ƙasashensu ta ƙayyade sa'o'in da yaro zai yi aiki, babba ya fi saurin haddace magana, kuma yaro girma yake yi ba ya jiran kowa. Masu Harry Potter sun bi ɗaya hanyar, suka ɗauki Daniel Radcliffe yana da shekara 11, suka yi fim 8 daga 2001 zuwa 2011, ɗan wasa da jarumi suna girma tare.

Na san duk wannan, amma na faɗa ramin. Da muka tashi yin fim ɗin Auta na minti 12 da salula, na ɗauki wani ɗan lise, wato babbar sakandare, mai shekara 17, domin yana da ƙwaƙwalwa kuma ba ya tsoron kyamara. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Muka nuna wa samarin wata fada, wato majalisar hira, a unguwarmu, ana zagaya shayi. Da aka zo wurin da Auta ke jan jarka yana haki, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mushe, wannan ai da hannu ɗaya zai ɗauke ta." Daga nan babu abin da ya sake kama su. Tsoron Inna bai yi ma'ana a jikin mai gashin baki ba, ramin da aka ce yaro kaɗai ke shiga kuwa kowa na ganin kafaɗunsa ba za su wuce ba.

Muka sake da yaro ɗan shekara 12. In za ka bi wannan hanya, fara da gidansu. Na je zauren mahaifinsa na yi masa bayanin duk abin da za a yi da inda za a je, matata kuma ta shiga ciki wurin mahaifiyarsa. Ka tsara aikin ya ƙare cikin mako biyu. Mu mun ɗauki rabi a hutun Disamba muka bar sauran sai Yuli, muka tarar murya ta fara buɗewa, rigar Auta ta ɗage masa, sai da muka maimaita wurare da dama. Ka yi aiki daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, da koko da ƙosai a gefe, domin bayan haka rana da gajiya sun cinye fuskar yaron. Kan duwatsu kuwa, kar ka sa ɗan mutane a bakin gangare don hoto ya yi kyau. Ka sa shi kan dutse mai tsawon gwiwa, ka kwanta ƙasa ka ɗauko shi da sama a bayansa, zai fito kamar yana kan tsauni.

Sauke kyamarar zuwa tsawon idonsa. Wannan kaɗai ya canza mana fim ɗin. Manya suka zama dogaye, ƙofar zaure ta yi nisa, mai kallo ya koma yaro ba tare da an gaya masa ba. Rage masa magana, ka ba hannunsa aiki. A littafi na yi sakin layi guda kan yadda bashi ke damun Auta. A fim, ya zaro ƴan dala biyar-biyar guda uku daga aljihu, ya ƙirga, ya mayar, can kuma ya sake zaro su ya ƙirga. Kar ka ce wa yaro "yi tsoro" ko "yi mamaki", zai kwaikwayi abin da ya gani a talabijin. A fim ɗin Narnia na 2005, an rufe wa yarinyar da ta fito a Lucy, autar yaran nan huɗu, ido aka kai ta wurin da aka shirya dajin ƙanƙara, don kyamara ta kama ganinta na farko. Mun ari dabarar daidai ƙarfinmu. Ba mu da kuɗin ƙera dodo, don haka ba mu nuna shi ba sam. Wani abokina mai kaurin murya ya zura kansa cikin randar da babu ruwa ya yi numfashi a hankali. Yaron ya san za a yi sauti, mun kuma gaya masa ba abin cutarwa ba ne, amma bai taɓa jin sa ba sai da kyamara ke aiki. Kafaɗunsa suka ɗaga, ya ja baya taki ɗaya, hannunsa ya tafi aljihun da kuɗin suke. Da aka gama muka nuna masa randar, ya zura kansa shi ma ya gwada.

Ƙarshen labarin na fi daɗewa a kansa. A rubutun farko, ruwa ya ɓalle, gari ya ɗauki Auta a kafaɗa har ƙofar fada. Yanzu ruwan na ɓallewa, mutane na gudu da bokitai, babu wanda ya lura da yaron da ya fito daga bayan dutse jikinsa duk laka. Ya isa gida ranar Alhamis da la'asar, ya tarar da gwaggo zaune kan tabarma. Inna ba ta ce komai ba. Ta dube shi daga kai har ƙasa, idonta ya tsaya kan ƙafarsa, silifas ɗaya.

"Ina ɗayan?"

Ya durƙusa. Ta juya ta shiga madafa, ta daɗe a ciki fiye da yadda zuba tuwo ke buƙata.

Na karanta wa ɗiyar ƙanwata wannan a hutun da ya wuce, yanzu tana da shekara 13. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Haka Inna za ta yi." Na fara tattara takardu, ta riƙe gefen ɗaya.

"Kawu, dala sittin ɗin abokinsa fa?"

Bai biya ba tukuna. Dala 15 gare shi, abokin kuma ya riga ya zo ƙofar gida sau biyu. Babin da nake rubutawa ke nan.